Ƙanenki Ya Gaji, Yaya Zalika

Dungas, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Zalika a Arlit,

Gaisuwa mai yawa da ladabi daga ƙanwarki Daso, matar ƙanenki. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Mustafa da yara duka. Ya ƙafar nan taki da kika ce tana kumbura idan kin daɗe a tsaye? Allah ya ba ki sauƙi, ya tsare muku gida, ya sa albarka a aikin maigida. Mu nan an fara yankan hatsi, kuma bana ba laifi, sai wake ne tsutsa ta taɓa. Safa ta koma lakwal, wato makarantar boko, kullum sai ta tambaye ni yaushe Gwaggonta za ta zo. Ammar ya fara gudu, ba abin da ya bari a tsakar gida sai turmi.

Yaya, na zaɓi takarda ne don ba zan iya faɗin wannan magana a waya ba. Gidanmu ƙarami ne, duk abin da na ce Baban Safa yana ji. Zan ba Nasiru direba, ya ce zai sa ta a hannunki. Ƙanenki ba shi da lafiya, kuma ba irin ciwon da ake nunawa da yatsa ba ne. Ina jin tsoro ƙwarai.

Kin san tun da Pasto Ishaya ya koma Maraɗi saboda idonsa ba a turo mana kowa ba. Aikin bishara gaba ɗaya ya dawo kan ƙanenki, na nan Dungas da na ƙauyukan da ke kan hanyar Guci, inda 'yan'uwanmu suke gida ɗaya nan, gida biyu can. Shi ne mai koyarwa, shi ne mai zuwa gaida mara lafiya, shi ne mai binne gawa. Har maƙwabtanmu Musulmi, idan mace ta kasa haihuwa ko yaro ya suma, ƙofarmu ake bugawa a ce Malam Barau ya taimaka da moto, babur ɗin nan nasa, zuwa likita a Magariya, don an san ba ya cewa a'a. Shekaru ke nan haka, ba ranar da zan ce miki ya wuni a gida.

Da farko ban gane ba. Abin da na fara lura da shi, ya daina waƙa. Kin san shi, ko wanke moto yake sai unguwa ta ji muryarsa. Sai ya koma shiru. Tuwo ya ci loma kaɗan ya ture kwano. Wata safiya Ammar ya zubar masa da ruwan wanka, ya daka wa yaron tsawar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, sannan ya zauna a bakin ƙofa ya rufe fuska da hannu. Na ce gajiyar damina ce, za ta wuce.

Ran wata Lahadi kuma ya miƙe a gaban jama'a zai yi wa'azi. Ya buɗe Littafi, ya dube shi, ya dube mu, bai ce komai ba. Muka yi ta jira. Yara suka fara waige-waige. Ina zaune a benci na gaba ina ganin gumi na sauka daga haɓarsa yana ɗiga kan takarda. Ya Kaka, tsohuwar nan da ta fi kowa shekaru a cikinmu, ita ta ɗauko waƙa don ta rufa masa asiri, muka amsa, shi kuwa ya koma ya zauna. Da muka dawo gida ya ce mini kansa ne ya yi nauyi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na ranar kasuwar Guci. Ya fita da safe ya ce zai duba wani dattijo da ke kwance. La'asar ta yi bai dawo ba, wayarsa na shiga ba a ɗauka. Can sai ga Maina, ɗan kabu-kabun da ke bayan gidanmu, ya goyo shi. Maina ya ja ni gefe ya ce ya tarar da moto kwance cikin rairayi, shi kuma yana zaune gindin gawo, rana ta juyo ta same shi bai matsa ba. Ya ce da ya tambaye shi ina za shi, sai ya dube shi ya ce wallahi bai sani ba, ya manta. Yaya, hanyar da yake bi kamar tsakar gidansa. Da ba Maina Allah ya kawo ba fa? Da kan babbar hanya abin ya same shi, gaban manyan motocin nan masu zuwa iyaka?

Washegari na matsa masa muka je likita. Majo, babban malamin asibitin, ya auna shi, ya ce babu masassara, amma tansiyonsa, wato jininsa, ya hau sosai. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce maganin gaskiya shi ne ya ajiye komai ya huta. A hanyar dawowa, a tasha, muna jiran mota ta cika, ya faɗa mini abin da ya fi tansiyon ba ni tsoro. Ya ce ya daɗe yana durƙusawa addu'a ba ya jin komai, kalmomi ne kawai ke fita. Ya ce yana ta'azantar da mutane da maganar da shi kansa ba ta ƙara ratsa shi, kuma yana tsoron ko Ubangiji ya juya masa baya ne. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Ga shi na faɗa miki, Allah ya gafarta mini.

Ni ban yarda an juya masa baya ba. Na ce masa Almasihu da kansa yakan bar taro ya keɓe ya yi addu'a, yakan kuma ce wa almajiransa su zo su huta. Shugabanninmu a Maraɗi suna da wurin da masu bishara ke zuwa da matansu su yi wata guda, ba wa'azi, ba tafiya, sai barci da addu'a da zama da tsofaffin fastoci da suka taɓa shiga irin wannan hali. Sun sha kiransa. Kullum amsarsa ɗaya, wa zai bar wa mutane. Ya Kaka ta zo har gida da sandarta, ta ce masa su ba jarirai ba ne, za su iya haɗuwa su yi waƙa su yi addu'a har ya dawo. Ta ce ita ta tsufa, shi take so ya binne ta, ba ita za ta tsaya a kan kabarinsa ba. Ya yi murmushi, ya ce ya ji. Da gari ya waye ya hau moto.

Yaya, na daɗe ina juya wannan takarda a raina kafin in rubuta. Na san kukan da kika yi lokacin da ya ɗauki wannan hanya ta bin Almasihu, na kuma san har yau ba ki so ba. Na ji tsoron ki ce abin da ya nema ne ya samu. Amma na tuna ke kika goya shi bayan rasuwar Inna, kuma da dangi suka daina cin abinci a gidanmu, ke kika zo sunan Safa kika kwana a ɗakina. Ba na roƙonki ki yarda da abin da muka yarda da shi. Roƙona ki kira shi da zarar kin karanta. Kada ki ce ya bar aikin, don in kika faɗi haka zai ƙara ƙanƙame shi. Ki ce masa kawai ya tafi Maraɗi ya huta, ki faɗa da muryar nan taki da ba ya iya musu da ita. Ni matarsa ce, yana lallashina ya wuce. Ke ba ya iya wuce ki. Kuma ki sa shi a addu'arki idan kin yi salla, ba zan ƙi ba, ina so.

Ki gaida Malam Mustafa, ki gaida Samira da Shamsu da amaryarsa Fa'iza. Safa da Ammar suna gaida Gwaggo. Zan tsaya nan, don Nasiru ya aiko cewa mota ta kusa tashi. An sake aikowa daga wajen Guci cewa jikin dattijon nan ya tsananta, kuma ina jin ƙanenki a waje yana tambayar Safa inda na ajiye masa makullin moto. Yana cikin zanina, Yaya. Ban san kwana nawa zan iya riƙe shi ba. Ki kira.

Taki ƙanwa,
Daso