Zanen Hannun Hagu

Zuwa ga Sadiqa, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take, ƙanshin ƙasata ranar da aka yi ruwan fari!

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki gaisuwar wanda kewa ta ramar, ina kuma gaida hannunki na dama, wanda kika naɗe cikin mayafi kika hana duniya ta gani. Ki miƙa min gaisuwa ga Baba da Inna. Na kira wayarki har na gaji da jin a kashe take, shi ya sa na koma ga takarda, na aika ta gidanmu Kazaure, na roƙi Yaya Bahijja ta kawo miki ita har Kanya Babba.

Labari ya iske ni nan Gwiwa, wurin aikina, cewa Kawunki Lauwali ya je gidanmu da kayan sa ranarmu ɗaure a bayan babur. Ya ce ke kika nemi a mayar, ba wanda ya sa ki. Wai tun da babur ya zame da ke a taɓon hanyar Ɓaɓura, an yi ɗori ƙashi ya haɗe amma yatsu sun ƙi lanƙwasuwa, ba za ki shiga gidan mutane ki zama kaya ba. Wai da wane ido za ki miƙa wa mahaifiyata ruwa da hannun hagu? Haba, Sadiqa! Baffa Sama'ilu ya ƙi karɓar kayan, ya roƙi arziki a dakata har a girbe gero, idan ba ki sauya magana ba sai a shafa fatiha kowa ya kama gabansa. To ga ni, malamin gona, wanda aikinsa ke nan ya yi wa amfani fatan nuna, ina ratsa gonakin Gwiwa ina hararar gero don ya fitar da kai. Manoma na murna, ni gabana na faɗuwa. Kin taɓa ganin malamin gonar da ke tsoron kaka?

Kin tuna zuwana zance na farko? Kina zaune a bakin tabarma a zaurenku, kai sunkuye, da tsinken tsintsiya a hannu kina tonon ƙasa. Na ce a raina wannan ita ce kunyar da ake ba da labari, na saki baki ina ta zuba, har da tarihin takin zamani. Sai da kika tashi ɗauko min ruwa na duba inda kika bari. Ashe ba tono kike yi ba! Ƙananan da'irori ne jere reras, kowace ta jingina da 'yar'uwarta, sun kewaye wata saƙa irin ta tabarma, a gefe kuma ga sawun zabuwa ya bi layi har gindin bango. Ni ina can ina fama da taki, ke kin shimfiɗa wa zaure ado. Ranar na koma gida da kunya biyu, tawa da wadda na zaci taki ce.

Daga baya kika nuna min na takarda: bayan tsofaffin takardun jarrabawa, kwalin sukari, duk abin da biro zai kama. Na tambaye ki hoton mene ne, kika ce ba hoton komai ba ne, hutu ne. Kika ce idan hannu yana maimaita abu ɗaya, zuciya takan samu wurin zama. Kika ba ni biron da wani kwalin sukari, na ja layi ya karkace, na shiga neman abin gogewa. Kika yi dariyar nan taki da ke fara fitowa ta hanci, kika ce a wannan zane ba a gogewa. Idan layi ya karkace, sai a yi masa ɗan'uwa a gefensa mai irin karkatarsa, a ƙara wani, a ƙara wani, har mai kallo ya rantse da gangan aka yi. A gabana kika mayar da kuskurena igiyar ruwa. Har yau kwalin yana aljihun rigata.

Ke kika koya min wannan, farin watana. Yanzu kuma layi ɗaya ya karkace mana, sai ki ce a yaga takardar baki ɗaya?

Bari in gaya miki yadda nake a nan. Ɗaki ɗaya ne a bayan ofis, da katifa da buta da ni. Bayan la'asar abokan aiki kan watse, gari ya yi tsit sai kukan kurciya da kiran makiyaya suna koro shanu gida. Lokacin ne kewarki ke shigowa ba sallama. Nakan fito da benci gindin darbejiya in ɗauki biro. Amma tun ranar da aka ce min hannunki na dama ya ƙi riƙe biro, ni ma na ajiye nawa, da hagu nake zane. Wayyo, da kin ga na farko! Da'irorin kamar kaza ta taka kwaɓaɓɓen gari. Yatsuna suka ƙage, wuyan hannuna ya yi tsami, abokin aikina Zaharadeen ya raɗa min suna Bahagon Dole. Ban daina ba. Ina jan layi ina kiran sunanki a zuci, in sake ja in sake kira, har a kira magariba ban san rana ta faɗi ba. Yanzu ina iya zana saƙar zuma, ina iya ɓawon kifi, sawun zabuwar nan taki ne kawai har yanzu yake fita kamar na agwagwa.

Ba don in burge ki na yi ba. So nake in san abin da zan roƙe ki kafin in roƙa. Na ɗanɗana, na san da wuya, na san da takaici, na kuma san hagu yana koyo idan an yi haƙuri da shi. Likita bai ce hannun dama ba zai dawo ba, bai kuma ce zai dawo ba. Allah Ya dawo da shi. Idan bai dawo ba fa? Yatsu na je nema a Kanya Babba, ko ke? Maganar ruwa kuwa, na kai wa mahaifiyata yadda kika faɗa. Ta share ido da bakin zane, ta ce in shaida miki ita ƙishirwar ganinki take ji, ki kawo ruwan ko a ka ne.

Ki buɗe ɗaya takardar da ke cikin ambulan ɗin nan. Rabinta na cika da hannun haguna, duk da rawarsa da karkatarsa, ban goge ko ɗigo ba. Ɗaya rabin fari ne fat, naki ne. Ban ce ki cika shi ba, rabin raina. Ban ce ki rubuta min amsa ba, ban ce ki kunna waya ba. Layi ɗaya tak nake roƙo, da hagu, komai muninsa, ko da zai fito kamar tsutsa. Ki ba Yaya Bahijja ta taho da shi kafin lauje ya shiga gero. Ni zan yi masa ɗan'uwa a gefensa, in ƙara wani, in ƙara wani, iya tsawon ran da Allah Ya ara min.

Idan kuwa takardar ta dawo fara, ba zan yi miki baki ba, ba zan kai ƙararki wurin kowa ba. Zan ninke ta in haɗa da kwalin sukarin nan a aljihu, kuma ba wadda za ta taɓa sa biro a wannan rabin.

Naki da dama, naki da hagu, yau da gobe har ranar da ƙasa za ta rufe idona,

Rilwanu
Gwiwa