Ƙaguwa a Hantar Malam

Talata, 2 ga Sha'aban 1389 (Oktoba 1969)

Sun dawo daga asibitin Madani, babban garin yankinmu nan Sudan, da la'asar, Malam da yaron. Ina gaban murhu ina yin kisra, wainar dawa ta ƙasar nan, na jiyo dariyar Malam tun daga zaure, na ce alhamdu lillahi, ashe ba wani abu ba ne. Ya shigo dafe da gefen cikinsa na dama, wurin da ya kumbura tun damina, ya ce, "Barakatu, kin san mi ke cina? Ƙaguwa!" Wai likita ya ce ƙaguwa ce ta shige masa hanta.

Larabcin Malam na kasuwa ne da na gona, na likita ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ya tafi da yaron ya yi masa tafinta. Ɗan farina ne, shekara goma sha shida, ɗan makarantar Sennar. Larabci kamar ruwa, Hausa kuwa sai ka ce ta aro. Ban taɓa kiran sunansa ba, yadda uwata a Mai Wurno ba ta taɓa kiran na yayana ba. "Kai" nake ce masa, ko in aika ƙanwarsa Aishatu.

Malam ya ce ba mamaki, mutumin da ya tsufa a tura'a, magudanar ruwan gona, yana ba auduga ruwa, yana kamfata da hannu yana sha. Tunda ƙafa gare ta, za ta fita. Na tambayi yaron, ina kallon murhu, yadda likitan ya kira ta. Ya ce "saraɗan", can ƙasa-ƙasa, ya tashi ya bar abincinsa.

Alhamis, 4 ga Sha'aban

Malam ya fasa Hajjin bana. Ni 'yasu!

Mutumin da aka haifa a hanyar Makka ranar Arfa, iyayensa suka taso daga Sakkwato da ƙafa, suka sa masa Alhaji, suka rasu a ƙasar nan ba su ga teku ba. Tun da na shigo gidan nan nake jin baɗi. Baɗi in auduga ta yi kyau, baɗi in an yi wa ƙanensa Ali aure. Bana ne kaɗai komai ya haɗu, har ya shiga ayarin ƙauyenmu. Yanzu wai ba zai kai ƙaguwa Ɗakin Allah ba, sai ta fita tukuna. Na ce, "Malam, ita ma ai halittar Allah ce, ku je tare." Bai yi dariya ba. Ni ma haushi ne ya sa na faɗa.

Litinin, 15 ga Sha'aban

Gidana ya zama kasuwa. Kowace tsohuwa a ƙauyen nan ta san maganin ƙaguwa. Wannan ta ce a ɗora masa ɗanyen kifi a ciki, waccan ta ce ya daina shan ruwa sai ƙishi ya koro ta. An hana yara wanka a tura'a. Malam shi ya zaɓi nasa: kwano cike da ruwa a ƙarƙashin gadonsa, wai in ta ji sanyin ruwa za ta sauko. Kullum da safe sai ya leƙa. Kullum ni ke zubarwa in sake cikawa.

Yaron bai koma makaranta ba. Ya ɗauki fartanyar ubansa ya tare a hawasha, gonar audugar da gwamnati ta ba mu. Na sa Aishatu ta tambaye shi dalili, ta dawo ta ce ya ce "ma fi haja", wato ba komai. Ba komai! Bayan duk wahalar da muka sha ya shiga makarantar nan.

Asabar, 20 ga Sha'aban

Yau yaron ya yi ƙwallo da kwanon ruwan. Ya ce bai gani ba. Ya gani.

Juma'a, 11 ga Ramadan

Malam ya ƙi ajiye azumi. Idanunsa sun yi rawaya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, in an sha ruwa loma biyu yake yi ya ture. Amma bakin nan bai mutu ba: wai ƙaguwa ma azumi take yi, yunwa za ta fitar da ita kafin Sallah.

Aishatu kuma ta tsiro da nata. Shekara goma sha huɗu, ko tsintsiya ka ce ta ɗauka sai kuka, ta amsa maka da Larabci don ta san yana ƙona mini rai. Ita da yayanta su zauna bayan ɗaki suna ƙus-ƙus, ina doso wurin su yi tsit. Na gaji. Miji yana narkewa a gabana, 'ya'ya sun mai da ni baƙuwa, kuma ni ce mai tuƙa tuwon asida.

Lahadi, 4 ga Shawwal

Dole in rubuta wannan.

Ƙwayoyin da aka ba shi a Madani sun ƙare, na shiga garin Hajj Abdalla wurin hakim, mai ba da magani a shafahana, ɗan ƙaramin asibitinmu. Mata cike da benci. Ya tambaye ni abin da ke damun maigidan. Ban san ƙaguwa da Larabci ba, sai na tuno kalmar yaron, na faɗa da ƙarfina, har da 'yar dariya: saraɗan ce a hantarsa, muna jira ta fito.

Wata Balarabiya ta dafa ƙirji tana salati. Hakim ya ajiye alƙalaminsa. Unguwar zoma Raliya, tamu ce Bahaushiya, ta ja ni waje ta ce, "Barakatu, wa ya ce miki ƙaguwa? A littafin 'yan makaranta ne sunansu ɗaya. Wannan daji ne. Ciwon daji." Na ce na hanta yana warkewa? Ta kalli ƙasa.

Ban san yadda na hau lori ba. Duk hanya ba kuka nake ba, tafasa nake. Shekaru yaron nan yana cin littafi, ya rasa bambanta ƙwaron ruwa da ajali!

Litinin, 5 ga Shawwal

Na bi yaron hawasha. Ban aika kowa ba, ni na je. Yana duƙe cikin auduga, na tsaya a bakin kunya na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce ya mai da ubansa abin dariya, ya sa ya fasa Hajji a banza, ina amfanin Larabcin.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, Inna."

Na ce ka san mi?

Ya ce likita ya ja shi gefe tun ranar, ya gaya masa watanni ne suka rage, ba su da yawa. Da ya dawo uban ya tsare shi da mi ya ce, mi ya ce, ya laluba Hausarsa bai sami sunan ciwon ba. Bai taɓa jin ana ce masa daji ba. Abin da ya zo bakinsa shi ne na littafi. "Ina shirin in yi bayani sai Baba ya yi dariya. Inna, yaya zan karɓe dariyar?" Rabi da Hausa, rabi da Larabci, majina tana zuba. Aishatu kaɗai ya iya gaya wa.

Tun Sha'aban yara biyu ke ɗauke da wannan kaya, ni ina bin su da faɗa a kan tsintsiya. Na so in dafa shi. Hannun bai saba ba. Na ce ya taho gida rana ta yi, na juyo.

Alhamis, 8 ga Shawwal

Na gaya wa Ali. Ya yi kuka, ya share ido, sannan ya hau ni da doka. Wai ba a gaya wa majinyaci, haka ake yi a ƙasar nan, likita ma ai yaron ya gaya wa. "Matar yaya, in kika faɗa masa kin kashe shi tun kwanansa bai ƙare ba." Na ce in ban faɗa ba fa? Ayari zai tashi cikin Zulƙida, shi yana nan yana leƙen kwano, yana jiran baɗin da ba nasa ba. Ya ce Allah Ya san niyya. Na ce Allah Ya sani, Malam ne bai sani ba.

Ya fita yana cewa mata ba su da ciki. Shi da ko kaza aka yanka sai ya kau da kai.

Laraba, 14 ga Shawwal

Na buɗe baki sau uku yau. Sau uku ina ƙarewa da "in kawo shayi?"

Asabar, 17 ga Shawwal

Shugaban ayari ya aiko, in Malam ya tabbata ba ya zuwa za a ba wani gurbinsa. Malam ya ce a ba shi. Ina tsaye. Na ce wa ɗan aiken ya dawo jibi, Malam bai gama shawara ba. Malam ya dube ni kamar na zage shi.

Lahadi, 18 ga Shawwal

Da hantsi na janyo kwanon na zubar, na kife shi a kan randa. Ya ce, "Kin manta ba ki cika ba." Na ce ban manta ba. Na zauna a bakin gadon, abin da ba na yi da rana, na ce, "Malam, ba ƙaguwa ba ce. Daji ne. Likita ya ce ba ka da baɗi."

Haka na faɗa, ba ado. Na shirya kalamai masu taushi tun jiya, duk suka gudu.

Yana kallon rufin ɗaki ya ce wa da wa suka sani. Na lissafa masa. Ya ce, "Wato duk gidan nan ni kaɗai ne yaro." Ya juya mini baya.

Talata, 20 ga Shawwal

Ba ya yi mini magana. Aishatu ke kai masa kunu. Ali ya zo ya ce kin gani ko. Ɗan aike ya dawo na sake korarsa da ƙarya. In na yi kuskure, ya Allah, Ka san ba mugunta ba ce. Amma wallahi ko yau aka mai da ni sai na sake faɗa.

Alhamis, 22 ga Shawwal

Ya sa an kira yaron. Ina bakin ƙofa ina tsince wake, kunnena yana ciki. Yaron ya durƙusa, ya fara ba da haƙuri. Malam ya ce, "Yi shiru. Wannan ƙaguwa taka ta sa na ci abinci wata biyu, ban ce ba ta yi rana ba. Amma ta ishe ni." Ya ce ya je ya gaya wa shugaban ayari gurbi biyu yake so, don ba zai iya ɗaukar ko buta ba. "Kai za ka yi mini tafinta. Wannan karon abin da aka faɗa za ka faɗa mini, ko ba daɗi." Ya kuma sa shi ya yi alkawarin komawa makaranta in ya dawo. In ya dawo, ya ce. Bai ce in mun dawo ba.

Da ya ga inuwata ya ɗaga murya: "A gaya wa mai tsince waken nan kununta ya yi ruwa." Na ce a gaya masa ya tashi ya dama nasa. Aishatu ta yi dariya har da faɗuwa, rabon da in ji dariyarta tun kafin azumi.

Juma'a, 8 ga Zulƙida

Ɗinki, soye-soye, baƙi. Ali ya ɗauki tsinkar audugar bana, yana yi yana mita. Jikin Malam kullum baya yake yi. Jiya da ƙyar ya kai zaure. Ina tsoron na makara.

Asabar, 16 ga Zulƙida

Sun tafi. A kan gado aka ɗauke shi zuwa tashar Hajj Abdalla, amma da jirgin ƙasa ya tsaya ya ce a sauke shi, da ƙafarsa zai shiga, iyayensa ma da ƙafa suka fara. Yaron ya rungumo shi ta ƙugu, a hankali a hankali har suka hau. Daga nan sai Bur Sudan, sai teku. Ko zai kai Arfa, Allah Ya sani. Malam ya leƙo ta taga ya ce in yafe masa. Na ce sai ya dawo ya biya ni kwanon da aka lotsa. Muka dubi juna, kowa ya san abin da ya sani.

Jirgi ya fara motsi, yaron yana tsaye a ƙofa, wuyansa siriri kamar na ubansa. Sai na tuna in abin ya faru a can, shi kaɗai zai sake ɗauko labarin, ya yi ta laluben kalma tun daga Jidda har gida. Na bi jirgin ina cewa ya faɗa mini da kowane harshe ya zo bakinsa, zan gane. Bai ji ba, hayaniya ta yi yawa. Na ce "kai", maza goma suka waiwayo ban da shi.

Aishatu ta ce wai duk tashar ta ji na kira sunansa. Sharrinta ne, ban ɗaga murya haka ba. Ya dai juyo.

Na dawo na share ɗakin Malam. Littattafan karatun ɗana Sa'idu na sa su cikin akwatina, kada gara ta ci kafin ya dawo.