Gadon da Na Yi wa Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon ƙafar nan, ya ba ki ladan tsayuwar da kike yi a ɗakin haihuwa. Mu nan lafiya lau. 'Yar ƙaramarmu ta fara haƙori, ta hana kowa sakat, ni kuma ina shago ina fama da katako da ciwon baya. Na zaɓi takarda a kan waya ne saboda abin da zan faɗa ba zan iya faɗinsa ina jin numfashinki ba. Ki nemi wuri ki zauna. Maganar da marigayiya Inna ta binne shekara talatin, ta bar mu ni da ke muna gadinta, ta fara fitowa, kuma da hannuna a ciki.

Kin san Auta da fim ɗinsa. Wata biyu da suka wuce ya zo shago da kyamara a wuya, ya ce zai yi fim a kan ranar da masu bindiga suka shigo gidanmu. Na tambaye shi wa zai fito a matsayin Baba, ya ce ba kowa. Fim ne ba jarumi, ba waƙa, ba ko fuskar mutum. Abin da idon ɗan shekara uku ya gani daga ƙarƙashin gado kaɗai zai nuna: takalma suna kaiwa da komowa, hasken hantsi a ƙasan ƙofa, ƙura. Na ce masa lallai 'yan kallo za su sha barci mai daɗi, ya yi dariya. Sannan ya roƙe ni in ƙera masa gadon Inna, amma in ninka girmansa sau uku, domin babban mutum in ya shiga ƙarƙashi ya koma yaro.

Da na san abin da zai biyo baya, da na ce aiki ya yi mini yawa. Kwana tara na yi a kansa a wani ɗakin ajiya da ya samu aro. Ba hoto, ba zane, amma ban yi kuskuren awo ko sau ɗaya ba. Sai da na gama na lura na tsaga katako na uku daga wajen kai, daidai inda na Inna ya tsage, alhali ba wanda ya ce in yi. Na tsorata da hannuna, Yaya.

Ranar da za a fara ɗauka, ya ajiye kyamara a ƙasa, ya sa muka shige ƙarƙashi ni da shi. Ya ce in kwanta inda na kwanta a ranar, ya ajiye matashin kai a wurinki, shi ma ya kwanta nasa wurin. Can ya ce lissafin bai yi ba. Wai in mu uku ne, me ya sa yake tuna ƙafa ƙarama tana shurin bayansa? Ya ce duk rayuwarsa ya ɗauka kukan da yake ji a kansa, wanda ke yankewa farat ɗaya, nasa ne. Amma da ya kwanta a wurin sai ya gane daga bayansa kukan yake zuwa. Ya juyo ya tambaye ni mu nawa ne.

Ban taɓa furta miki wannan ba, bari in rubuta sau ɗaya. Mu huɗu ne. Kina da shekara goma sha biyu, ina da takwas, Inna ta tafi ɗiban ruwa ta bar miki jaririya. Muna jin abin da suke yi wa Baba a tsakar gida, jaririyar ta fara kuka, kika rufe mata baki. Da ba ki yi haka ba, da ba wanda zai rubuta wannan takarda, ba kuma wanda zai karanta ta. Da suka tafi, jaririyar ba ta sake motsi ba. Inna ta ce kada a sake ambatonta, ta fara kiran ƙaninmu Auta tun a hanyar gudu, har shi kansa ya manta an yi masa ƙanwa.

Na ce masa mu huɗu ne, na gaya masa yadda ta rasu. Da ya tambayi hannun wa, sai na ce nawa. Kyamara tana aiki, na sani, kuma ban yi da-na-sani ba a lokacin. Na tuna yadda kika yi shekaru ba kya iya cin abinci in jariri yana kuka a kusa, da yadda kika zaɓi aikin unguwarzoma kamar mai biyan wani abu da ba ya biyuwa. Na ga ni namiji ne mai taurin kai, in ɗauke miki ko da rabin kayan. Auta ya miƙa hannu ya kashe kyamara, muka daɗe kwance kamar gawa biyu. Sannan a hankali, ba faɗa ba zargi, ya tambaye ni ko ni ma awarwaro nake sawa a lokacin, domin hannun da yake tunawa yana da awarwaro biyu, kuma har yau yana jin ƙararsu.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko taku ɗaya bai kai ba. Auta bai sake tambaya ba. Ya sani, Yaya. Ki yafe mini, na so in kare ki ne, sai na ƙarasa tona ki.

Ga abin da ya ce in isar miki. Ba zai sa wannan a fim ba sai da izininki, ko da fim ɗin zai mutu ne, domin in an cire kukan babu abin da ya rage a ciki. Ya san maigidanki da 'ya'yanki ba su da labari, kuma in fim ya fita za su sani. Ni ba zan ce miki ki yarda ko ki ƙi ba. Na dai ga yaron nan ya rame, ba ya zuwa ɗakin ajiyar, ba ya kuma bari in kwance gadon. Abu ɗaya ya ce yana roƙo ko kin yarda ko ba ki yarda ba, ni kuma na kasa ba shi. Na juya ƙwaƙwalwata har kaina ya yi ciwo, wallahi ya ɓace mini, kuma Inna ta tafi da shi. Ke kaɗai kika rage da kika san sunan yarinyar.

Ki gaishe da maigidanki, da babban ɗanki, da 'yan biyu, da takwarar Inna. Matata da yara suna gaishe ki, Gwaggo ma ta ce a miƙa gaisuwarta. Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya jiƙan wadda ban iya kiran sunanta a addu'a ba.

Ni ne ƙaninki,
Kafinta