Jan Makunnin da na Tura

Assalamu alaikum. Ina gaida masu kula da wannan shafi da duk mai karantawa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, don na riga na zagi kaina har na gaji.

Ni ɗaliba ce, 'yar Jibiya, ba ni da surutu, daga makaranta sai ɗaki da littafi. A gidanmu idan na ce abu kaza ne, ba a sake tambaya, domin ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Wannan shaidar ce take neman halaka ni yanzu.

Bara Baba, wanda hatsi yake sayarwa, ya ce zai saya mana kwamfutar tebur mai sauƙin kuɗi, in riƙa buga aikin makaranta a gida, ƙannena mata su koya. Ni na zauna sati biyu ina bincike, na rubuta a takarda irin wadda nake so. Aka ba Kawu takardar. Kawu ƙanen Innata ne, direban babbar mota da ke shiga Maraɗi, mutum mai barkwanci, shi ne yake ce mini Malama tun ina firamare. Ya samo wadda aka yi amfani da ita a wani ofis a Maraɗi, aka kunna masa a shago ya gani da idonsa, ya naɗe ta a bargonsa ya sa a gaban mota. Da ya sauke ta yana dariya ya ce, “Malama, ga ordinatarki. Tun daga duwan, wurin 'yan kwastan, nika rungume da ita kamar jinjiri.” Ranar babu wuta, sai aka ajiye ta a ɗakin Baba, ya ce kada kowa ya taɓa sai ya sayo sitabilaiza.

Washegari ranar kasuwa ce. Baba ya fita, Inna da yara sun tafi bikin suna a Bugaje, ni kaɗai a gida. Wajen azahar aka kawo wuta. Na ce bari in duba ta kawai. A bayan akwatin na ga wani ɗan jan makunni, an rubuta 230 a kansa, idan aka tura shi gefe kuma 115 ya fito. Na tsaya ina lissafi irin nawa. Wutar unguwarmu ai kullum rabi take zuwa, ƙwai ja-ja, fanka da ƙyar. Ashe ba 115 ce ta fi dacewa da mu ba? Har daɗi na ji cewa na gano abin da wani ba zai lura da shi ba. Na sa bakin cokali na tura shi, na jona. Ranar kuwa wuta cikakkiya aka kawo. Na ji fas, hayaƙi ya fito ta baya, ɗaki ya ɗauki ƙauri.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya fi ba ni kunya. Na mayar da makunnin inda yake. Na goge baƙin da tsumma. Na naɗe wayar yadda Kawu ya naɗe ta, har kullin. Na sa turaren wuta a ɗakin. Wace irin yarinya ce tsoro bai hana ta tuna kulli ba?

Da Baba ya kawo sitabilaiza aka jona, shiru. Ya dube ni ya ce, “Kin taɓa ta?” Na ce, “Ban taɓa ba, Baba.” Shi ke nan. Ya kira Kawu a waya a gabana ya ce, “Direba, gawa ka kawo mani cikin bargo?” Kawu ya ɗauka wasa ne irin nasu, ya ce, “Yaya, ko dai wutar Najeriya ce ba ta jin Faransanci?” Baba bai yi dariya ba. Ya ce mutumin da zai cuci 'ya'yan yayarsa ba abin da ba zai yi ba. Kawu ya kai ta wurin mai gyara, aka ce masa wuta ce ta ƙone ta, kuma ba a hanya ba. Baba ya ce haɗa baki suka yi, ai 'yarsa ta ce ba a jona ba.

Wata bakwai ke nan. Baba ya daina ba Kawu dakon hatsinsa, abokan Baba biyu ma sun bi sahu. Kawu ya daina shigo mana. Inna kuwa idan ta ji ƙarar babbar mota a titi sai ta tsayar da abin da take yi har ta wuce. Kwamfutar tana nan a lungu an rufe ta da zane, ni nake share ƙurarta. Sau nawa na tsaya a ƙofar Baba da maganar a bakina, in ƙare da “a dawo lafiya”? Kwanan baya na haɗu da Kawu a bakin tasha, na sunkuyar da kai zan wuce, ya kira ni ya saya mini lemo. Ya ce, “Malama, kar ki damu da rigimar manya. Ke dai yi karatu, ni na san ba ruwanki.” Ban iya shan lemon ba.

Yanzu dattawan dangi sun ce a zauna ranar Juma'a bayan masallaci a kashe maganar. Kawu ya ce zai dafa Alƙur'ani cewa lafiya lau ya kawo ta. Baba ya ce shi ma zai dafa cewa ba wanda ya jona ta a gidansa. Jiya Inna ta ce masa, “Malam, kai da ba ka gida ranar, mi za ka rantse a kai?” Ya ce, “Maganar ɗiyata ta ishe ni.”

Idan na yi magana, Baba zai ji kunya a gaban surukinsa da dattawa, kuma ba zai ƙara kallona yadda yake kallona ba. Idan na yi shiru, mahaifina zai ɗora hannu a kan Littafin Allah saboda ƙaryata. Na gaji, wallahi. In faɗa wa Inna ta faɗa masa? In je wurin Kawu tukuna? Ko in tsaya gaban Baba da kaina? Yau Laraba. Jama'a, me zan yi?