Aku Ta Daina Surutu

Litinin, 3 ga Maris

Na biya gidan ƙanena bayan na tashi daga jami'a. 'Yarsa Aku, wadda surutu ya ja mata sunan, ta rame har wuyan riga na zame mata. Sai ɗirkar ruwa take tana zaryar banɗaki. Na ce ko za a kai ta a duba? Ya yi murmushin nan nasa, ya ce, "Yaya, ai kin san mu." Na sani. Tun da ya shiga jama'ar nan masu ƙin magani, ko ƙwayar ciwon kai ba ta ƙetare ƙofarsa. Addu'a kawai. Na ja bakina.

Alhamis, 6 ga Maris

Darasin yau: babu al'ummar da ta isa ta auna wata da mudunta. Na daɗe ina koyar da shi, kuma na yarda da shi. Lokacin da dangi suka juya wa ƙanena baya, ni kaɗai ban ɗauke ƙafa ba. Wa ya naɗa ni alƙali a kan imanin wani?

Asabar, 15 ga Maris

Na sami Aku kwance a doguwar kujera, numfashinta na wari kamar 'ya'yan itacen da suka fara lalacewa. Na tsokane ta, na ce yau gidan rediyon a rufe yake? Ta ce, "Gwaggo, bakina ya gaji."

Daga cikin mota na kira ƙawata likita. Ban gama bayani ba ta katse ni. Ta ce alamun ciwon sugan yara ne, da allura ake riƙe shi, a kawo ta yau ba gobe ba. Na fara ce mata iyayen suna da tasu fahimtar. Ta ce, "Ita yarinyar an tambaye ta?" Na ji haushinta har na iso gida.

Lahadi, 16 ga Maris

Na koma na faɗa wa ƙanena, da lallami. Ya saurare ni har ƙarshe, ƙafafun Aku a kan cinyarsa yana matsa mata. Ya ce kai ta asibiti tamkar ya ce wa Allah bai yarda da Shi ba ne, kuma ba zai saya mata duniya da lahirarta ba. Idanunsa jajur, ko barci ba ya yi. Ba mugu ba ne. Abin da ke ɗaure ni ke nan. Da mugu ne, da da sauƙi.

Matarsa na tsaye a ƙofar kicin, goye da ɗansu Auta. Makullin mota na hannuna. Yarinyar ba ta da wani nauyi, da hannu ɗaya ma sai in... Na ce Allah ya sauwaƙe, na fito.

Talata, 18 ga Maris

Aku ba ta gane kowa. Falo cike da masu addu'a, takalma har bakin matattakala. Aka matsa mini na zauna. Na zauna.

Laraba, 19 ga Maris

Aku ta rasu da hantsi. Shekararta takwas.

Lahadi, 23 ga Maris

Mutane sun ragu. Ina tattara kofuna ƙanena ya biyo ni kicin, ya riƙe hannuna da hannu biyu kamar lokacin da nake kai shi makaranta. Ya ce, "Yaya, na gode. Kowa ya zage mu, ke kaɗai kika mutunta mu. Ba ki taɓa takura mana ba."

Da gaske yake. Da ya mare ni, da ya fi.

Na shiga banɗakinsu na rufe ƙofa. Ƙaramin buroshin Aku na nan a cikin kofi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na ba ɗalibai karatu su yi da kansu. Na ce maƙogwaro ne.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na je gidan da rana, ƙanena yana wurin aiki. Auta jikinsa zafi rau, ƙirjinsa na shiga yana fita, ko nono ya ƙi. Uwar ta ce tun shekaranjiya. Na ce bari in zaga da shi ya sha iska. Ta daɗe tana kallona. Ta shiga ɗaki, na ɗauka waya za ta kira. Sai ta fito da bargonsa da kayan canji a leda, ta miƙo mini ba tare da mun haɗa ido ba. Ta ce, "Kada ki gaya mini inda za ku, Yaya. In ya tambaye ni, ba na so in yi ƙarya."

A asibiti aka ce ciwon huhu ne. An ba mu gado, an sa masa ruwa. Ƙanena ya yi ta kira, daga baya ya turo saƙo cewa daga yau ba shi da yaya. Ban amsa ba.

Ba wai na canza ra'ayi ba ne. Ban zauna na yi tunanin komai ba ma, tuƙi kawai na yi. In ya zo zai same ni a bakin ƙofar ɗakin, na riga na jawo kujera can.