Kwallin Yaya Harira

Kawo, Litinin

Yaya Harira,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙafar taki? Tunda kunnenki ya daina shiri da waya, ga takarda.

Ƙullutun nan na fatar idona da muka ɗauka ƙurji ne, likita ya yanki kaɗan ya auna. Ya ce ƙari ne, irin wanda ba a cika gani ba. Alhamis za su tura ni cikin na'urar hoto mai maganaɗisu su ga zurfinsa. In a fata ya tsaya, yanke shi kawai za a yi. In ya shiga ciki, idon za su cire. Yaya, wallahi tsoro nake ji.

Ƙanwarki,
Uwani

Rigachikun, Laraba

Uwani,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na yi kukana, na share. Idon nan ba inda za shi, in sha Allahu. Ga kwalli na daka miki da hannuna. Ki rangaɗa, kar ki je gaban likitoci ido fari fat kamar mai takaba. 'Yan gidanmu ba ma fita haka.

Allah Ya ba da lafiya.
Harira

Kawo, Asabar

Yaya,

Bayan gaisuwa, kin kusa kashe ni! Ma'aikaciyar ɗakin hoton ta karɓe ɗankunne, awarwaro, har fil ɗin mayafi, ta sa na wanke fuska. Ni kuwa na tuna maganarki, na lallaɓa banɗaki na sake rangaɗawa.

Hoto ya fito da wani baƙin tabo ya rufe idon gaba ɗaya. Ina hango shi na fara salati. Likita ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, kwalli kika sa?"

Ashe da ƙarfe a cikinsa, shi ya ɓata hoton. Aka wanke ni kamar jaririya, ina kunya suna dariya, aka maimaita. Ƙarin bai wuce fata ba, wuyana ma da suka duba ko ya bazu can, babu komai. Talata za a yanke shi. Yaya, idona na nan!

Taki,
Uwani

Rigachikun, Lahadi

Uwani,

Alhamdu lillahi. Guɗa na yi har maƙwabta suka shigo babu sallama. Na'urar ce ba ta san ado ba, amma na yafe mata. Ki adana sauran kwallin. Ranar da aka kwance miki bandeji ni zan zo in sa miki da kaina, idanun duka biyu.

Sai na zo.
Harira