Gitar bahago

Alhamis, bayan lisha

Yau na karɓo gitata ta lantarki wajen Malam Isufu kafinta a Zango. Wata huɗu ina jira. Da hannunsa ya sassaƙa ta daga itacen maɗaci, ya jera wayoyin yadda bahago zai kaɗa. Shekara ashirin ina aron ta mutane ina kaɗawa a juye, abokai na yi mini dariya. Da ya miƙo mini ya ce, "Mushe, wannan ba ta aruwa, taka ce kai kaɗai."

A kan kabu-kabu na rungumo ta kamar jinjira, amma tunanin Inna nake. Ina yaro, duk sanda na kai hagu cikin akushi sai ta buge shi da ludayi. Har ɗaure shi ta taɓa yi da kallabinta.

Da la'asar na jona gitar, na rage ƙara sosai. Sai ga Inna ta fito, ta zauna a tabarma. Na tsaya.

"Ci gaba mana, wa ya hana ka?"

Na kaɗa, na yi kuskure sau biyu. Da na gama ta kamo hannuna na hagu, ta daɗe tana juya shi.

"Wannan ne na sha duka?"

"Shi ne, Inna."

"Ashe aikinsa daban ne. Ka yafe mini." Ta share ido. "Amma tuwo dai da dama."

Da aka kawo tuwon dare, da dama na ci. Hagun yana hannunta har na ƙoshi.